Ƙafafun Mai Wasiƙa

Ranar da aka sallamo Mai Wasiƙa daga asibiti, da ƙafarsa ya tako tun daga bakin gado har ƙofar fita. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, tana biye da shi da jakar magunguna, tana kallon yadda yake ɗaga ƙafa a hankali, ya rungume ɗan matashin kai a ƙirji saboda ɗinki. Kwana tara ke nan da aka tsaga ƙirjin aka canza masa bawul ɗin zuciya. Shekararsa saba'in da takwas, ita kuwa saba'in da ɗaya.

Shekara talatin da biyar ya yi yana raba wasiƙu a ƙafa, jaka a kafaɗa, har ya yi ritaya sunan bai sake shi ba. Mutumin da ya san kowane lungu da kowane kare mai cizo a garin, shi ne a shekaru biyun nan ya koma ba ya iya kaiwa shagon mai aski da ke ƙarshen layi sai ya tsaya sau uku yana haki. Likita ya ce wata 'yar ƙofa ce a cikin zuciya da ke buɗewa jini ya wuce, tasa ta yi tauri ta ƙi buɗuwa sosai. Aka cire ta, aka ɗinka masa wata da aka yi da fatar zuciyar saniya. Inna ta ce ita dai ba ta yi mamaki ba, don shekara hamsin tana zaune da mai taurin kai irin na bijimin sa, yanzu an cika masa kayan ne kawai.

Kafin su fito, likitan ya ja ta gefe. Ita ya ja, don 'ya'yan suna can waje suna gardamar motar wa za a sa Baba.

Ya ce, "Mama, mu mun yi namu. Masu shekarunsa da yawa mun yi wa wannan aiki, kuma galibinsu sun tashi. Abin da ke kayar da tsofaffi bayan an gama ba wuƙarmu ba ce, gado ne. Tsoho in ya yi mako a kwance naman ƙafarsa zubewa yake yi, kuma ba ya dawowa da sauƙi. Ya riƙa takawa kullum, safe da rana da yamma, yau kaɗan, gobe a ƙara. Ko ya yi ƙorafi kada ki ji tausayinsa."

Ya miƙa mata takarda guda, rubutu gaba da baya. Inna ta riƙe maganar da kyau, don ta san lissafin da ba sai an faɗa mata ba. Bayanta ya daɗe da lalacewa, ko bokitin ruwa ba ta ɗauka. In mutumin nan ya rasa ƙafa, ita za a bar wa shi, kuma ba ta da abin ɗaga shi.

Suna isa bakin ƙofar asibitin babban ɗansu ya hango su. Manaja ake ce masa, a ofis da gida, har matarsa ma haka take kiransa. Ya dafe kai.

"Wane marar imani ne ya bar Baba yana tafiya da ƙafa? Ina masu aikin nan suke?"

Kafin Inna ta buɗe baki an garo keken marasa lafiya. Ƙanwarsa Lauya ta kama hannu ɗaya, shi ya kama ɗaya, suka dasa tsoho a ciki, aka lulluɓe masa gwiwoyi da bargo ana tsakar rana. Lauya ta ja da baya ta ɗauki hoto, ta ce Manaja ya ɗan matsa ya tare mata haske.

A gida suka sa aka fito da gado daga ɗaki aka kafa shi a tsakiyar falo, wai don iska. Inna ta san iskar da ake nufi: masu zuwa dubiya su shigo su ga 'ya'ya na hidima. Aka ɗauko wani ƙaton mai jinya na mako shida, wanda aikinsa ya ɗaga Baba ya kai shi banɗaki ya dawo da shi, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Sai Manaja ya karɓi takardar asibiti, ya gyara tabarau, ya karanta da muryar taron ma'aikata.

"Kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo biyu. Kada ya tura, kada ya ja. Kada ya tuƙa mota. Kada ya jiƙa ɗinki a kwanon wanka. To kowa ya ji."

Mutum ne da ofishinsa ko'ina sanarwa ce manne a bango, har da ta inda ake ajiye cokalin shayi. Ya aika aka kawo gam, ya shafe bayan takardar kakaf, ya manna ta a jikin ƙofar falo, ya bi ta da tafin hannu ya daddanne.

Inna ta ce, "Kai, akwai rubutu a bayan nan fa. Can ne aka rubuta zancen tafiyar."

"Inna, muhimmin abu a gaba ake sa shi. Na baya ƙarin bayani ne. Ni takarda nawa nake sa wa hannu a rana?"

"Kana juya su kuwa?"

Bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Lauya ce ta karɓi zancen, don ita ba a ƙare magana ba tare da ta sa mata hula ba.

"Inna, ki duba da hankali. An ce kada ya ɗaga kilo biyu. Baba kilo sittin ne. In ya miƙe tsaye, wa ya ɗaga kilo sittin ɗin?"

Manaja ya yi dariya ya ce shi ya sa ba a kayar da ita a kotu. Inna ta dubi 'yar da ta sha wahalar kai ta makaranta, ta ce a ranta ashe ilimi ma yana iya yi wa mutum yawa har ya toshe masa hanci.

Daga nan aka buɗe gasa. Waɗannan 'ya'ya biyu, da can sai a yi wata uku ba a ga ƙeyarsu ba, sai dai waya ta minti biyu, ita ma ana tuƙi. Yanzu kuwa in Manaja ya zo da safe ya bare wa Baba lemo, Lauya za ta zo da rana ta ba shi a baki. In Lauya ta yanke masa farce, Manaja zai matsa masa ƙafa. Ko kofin ruwa tsoho ya kai hannu zai ɗauka, sai ka ji an yi ca a kansa: "Baba! Ka bari mana, me muke yi a nan?" Kowace hidima da hotonta, kowane hoto sai ya zagaya dangi, dangi kuma suna ta sa albarka suna cewa haihuwa mai rana. Babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa a duk hotunan mutumin a kwance yake.

Da sassafe, kafin su iso, Inna kan ja kujera ta zauna a bakin gadon.

"Malam, tashi mu taka zuwa ƙofa."

"Bari in gama shayin nan."

In ya gama shayi, kansa na juyawa. In kai ya daina juyawa, ɗinki na ja. In ɗinki ya lafa, ai ga ƙarar motar Manaja nan. Kwana goma ana wannan wasan, rannan ta aiki mai jinya kantin magani, ta rufe ƙofa, ta tsaya a kansa.

"Ni za ka yi wa wayo? A asibiti kwana biyu da aiki aka tayar da kai, ka zagaye ɗakin da robar ƙarin ruwa a hannunka. Yau kuma ƙafar ce ta tsufa a kwana goma?"

Ya mayar da ido kan silin. Da zai yi magana, muryarsa ƙasa ƙasa ta fito.

"Jiya yaron nan awa uku ya yi a nan. Awa uku, Inna. Ya ba ni labarin ofishinsu, har ya tambaye ni yadda muke yi da damina in jaka ta jiƙe. Rabon da ya tambaye ni wani abu tun yana aji uku. Ni da na ƙare rayuwata ina tsaye a ƙofar mutane, ko ruwa ba kowa ke ba ni ba. Yau 'ya'yana ne durƙushe a gabana. In na miƙe, tafiya za su yi."

"In ba ka miƙe ba ma tafiya za su yi."

"To ki bar ni in sha romon tun da zafinsa."

Ta so ta ji tausayinsa, kuma ta ɗan ji, ba za ta yi ƙarya ba. Amma haushi ya fi yawa. Wato abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. An tsaga mutum, an tsayar da zuciyarsa, an ɗinka an tayar, shi kuma abin da ya tsinta a ciki duka shi ne a bare masa lemo.

A mako na biyu asibiti suka turo likitar motsa jiki, wata mace gajera mai takalmin roba, ba ta da yawan gaisuwa. Ta zaunar da shi a bakin gado, ta sa ya rungume matashinsa, ta ce ya miƙe. Ya miƙe kuwa, ƙafafun na rawa, ya saki wani nishi mai tsawo yana satar kallon 'yarsa. Lauya ta zabura.

"Malama, dakata. Kin san me aka yi wa mutumin nan? Zuciyarsa aka buɗe. In wani abu ya same shi a hannunki, kin san da wa za ki yi magana?"

"Hajiya, aikina ke nan, shekara goma sha biyu. In bai tashi ba…"

"Ga doka can a ƙofa, je ki karanta. Mun gode, za mu neme ki."

Matar ta naɗe kayanta ta fita. Inna ta raka ta bakin get. A nan ta tsaya ta ce, "Mama, na sha ganin irin wannan. Gidan da ba a kula da tsoho, shi ke tashi ya ɗebo wa kansa ruwa, ya warke. Gidan gata ne ke ba ni tsoro. Ki yi ƙoƙari, lokaci na tafiya."

Inna ta yi ƙoƙarin. A mako na uku, da lallashi da gori da tuna masa abokinsa mai aski da ke tambayarsa kullum, ta samu ya yarda. Ta sa masa kujerar roba a gaba ya dafa sama sama, ita tana riƙe da ƙugunsa. Taku ɗaya, biyu, har shida. Ta ga fuskarsa ta ɗan washe, irin ta wanda ya tuna wani abu da ya iya. A kan taku na bakwai ƙofa ta buɗe, Manaja ya shigo da ledar ayaba. Ledar ta faɗi.

"Inna! Inna, so kike ki kashe mana uba?"

Ya ƙwala wa mai jinya kira, aka sure tsoho aka mayar da shi gado, aka shiga yi masa fifita. Manaja yana ta faɗa, wai sun bar aikinsu sun bar iyalinsu suna tattalin ran Baba, ita kuma da ta fi kowa kusa da shi ita ce ke neman ɓalle ɗinki. Inna ba ɗan take kallo ba. Mijin take kallo, tana jira ya ce shi ya yarda, ya ce bai ji ciwon komai ba, ya ce uwarku ce, a yi mata magana da ladabi. Mai Wasiƙa ya lumshe ido, ya dafe ƙirji, ya ce a ba shi ruwa.

Wannan abu ya ƙona mata rai fiye da maganar ɗan. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta ta share hawaye, ta fito ta ci gaba da jera magunguna a kan tire. Daga ranar ta zuba ido. In ta tashi yin magana sai kalmar nan ta kisa ta dawo mata, ta haɗiye. Sai dai duk sanda mai jinya ya yaye bargo zai canza zanen gado, tana ganin ƙwaurin nan da a da yake cike kamar na ɗan ƙwallo yana komawa fata da ƙashi.

Ranar da aka cika mako shida aka koma asibiti da motoci biyu. Likita ya shafa masa mai a ƙirji, ya goga na'ura, ya daɗe yana kallon allo yana murmushi.

"Ma sha Allah. Bawul ya zauna daram, ba ya yoyo, jini na wucewa yadda ake so. Ƙashin ƙirji ma ya haɗe. Baba, da ikon Allah zuciyar nan za ta yi shekara goma sha biyar tana bugawa."

Lauya ta yi guɗa a ofishin mutane. Manaja ya kama hannun likita da hannu biyu yana girgizawa.

Likita ya ce, "To Baba, taso ka taka zuwa ƙofa in ga numfashinka."

Mai Wasiƙa ya yi murmushi, ya sauko da ƙafafu daga kan keken. Wannan karon da gaske ya yi niyya, Inna ta gani a fuskarsa. Ya yunƙura. Gwiwoyin suka ɗan ɗaga shi kamar faɗin hannu, suka yi karkarwa, suka sake shi. Ya sake yunƙurawa, ko hakan ma bai samu ba. Murmushin ya bar fuskarsa.

Likita ya durƙusa ya matsa cinyar, ya ɗago. "Yaushe rabonsa da tafiya?"

Manaja ya gyara tsayuwa. "Ai Likita, tun da muka bar nan ko taku ɗaya ba mu bari ya yi ba. Mun tsare doka sosai."

Likitan ya cire tabarau ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Amma manyan mutane ne masu manyan motoci, don haka da ya tashi sauke fushinsa sai ya nemo tsohuwar da ke rakuɓe a bayan ƙofa da jakar magani.

"Mama, ba ke na ja gefe na yi wa bayani ba?"

Inna ta gyara riƙon jakar. Me za ta ce? Ta ce 'ya'yanta sun fi ƙarfinta, ko ta ce mijinta ya sayar da ƙafarsa a kan lemo? Ta ce, "Ka gaya mini, Likita."

Ya rubuta musu takardar komawa wurin masu motsa jiki. Ya ce a fara tun gobe, kullum, wata da watanni. Ya ce wasu a wannan shekaru suna samun wani abu ya dawo, wasu kuwa keken ne har ƙarshe, shi ba zai yi musu alkawari ba. Manaja yana gyaɗa kai yana danna waya. Kafin su kai mota saƙo ya zagaye dangi: aiki ya yi nasara ɗari bisa ɗari, likita da kansa ya yaba da irin kulawar da Baba ya samu. Inna ta ce a ranta, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Abin da ya biyo baya bai ba ta mamaki ba ko kaɗan. Tunda likita ya ce Baba ya warke, masu dubiya suka ɗauke ƙafa. Tunda babu masu dubiya, aka mayar da gado ɗaki. Mai jinya ya cika mako shidansa ya yi sallama ya koma wani gida. Lauya ta ce shari'o'i sun taru mata, alƙali har ya fara yi mata kallon banza. Manaja ya ce akwai tafiyar aiki da ya yi ta ɗagawa saboda Baba, amma da ya dawo zai zauna ya tsara zancen motsa jikin nan, da jadawali da komai. Ya sumbaci goshin uban, ya ce wa Inna ta riƙa kula da shi sosai.

Washegari da hantsi gidan ya yi tsit, ba ƙarar mota, ba ƙarar waya. Inna tana wanke kofuna ta ji kira daga ɗaki.

"Inna. Zo mana. Zagayawa nake so in yi."

Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu. Banɗakin yana nan cikin ɗakin, bai fi taku takwas daga gado ba.

Ya ce, "Kira mini yaron nan."

Ta kira Manaja. Wayar ta yi ta ringi har ta katse, sai ga saƙo, wai yana mitin. Ta kira Lauya, a kashe.

Ta zauna kusa da shi, ta ɗora hannunsa a kafaɗarta, ta zagaye ƙugunsa da nata. Ta ce da bismillah. Suka yunƙura tare, bayanta ya amsa tun daga wuya har ƙugu, ya ɗan tashi, suka koma kan katifa su biyun. Suka sake. A karo na uku ko motsi bai yi ba, sai ita ce ta durƙushe a ƙasa tana dafe da baya. Shi kuwa ko haki ba ya yi. Numfashinsa lafiya lau, ta jingina kai a gefen ƙirjinsa tana jin sabuwar zuciyar tana bugawa da ƙarfi, a natse, ba ta da wata damuwa.

"Yau zan fara," ya ce. "Wallahi yau zan fara takawar nan, Inna. Ki kama ni kawai."

Gorin da ta tanada mako shida yana bakinta, ta duba ta ga babu wanda zai amfana da shi. Ta dafa gadon ta miƙe da ƙyar, ta je bayan ƙofa inda mai jinya ya bar robar fitsari. Shekara goma sha biyar, in ji likita, da ikon Allah. Ta sunkuya a hankali ta ɗauko robar.